Ciwon Bayan Da Ke Kashe Ƙafafu

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ya kan fara a baya ya ƙare a ƙafafu. In mutum ya zaga ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, daga Saulawa zuwa Paki, daga Tashar Yari zuwa Hunkuyi, ba zai rasa gidan da a ke da wani kwance ba, ƙafafunsa sun mutu, sai an kwantar, sai an tayar. In ka tambayi yadda abin ya faro, amsar ba ta cika wuce biyu ba. Ko dai a ce faɗowa ya yi, ko kuwa a ce ya daɗe yana kukan baya, sa'an nan ƙafafu suka fara yi masa nauyi. Galibi abin da ya faru shi ne wani abu ya danne masa laka. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane, da sun isa hannun likita da wuri, da yanzu suna tafiya da ƙafafunsu. Saboda haka ku kasa kunne.

MECE CE LAKA?

Ku shafa tsakiyar bayanku, za ku ji ƙasusuwa a jere tun daga ƙeya har zuwa mazauni. Su 33 ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sauran 9 kuwa suna can ƙasa a manne da juna. Ƙasusuwan nan suna da huda kamar 'ya'yan carbi, kuma tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani guringuntsi mai taushi wanda ke aikin gammo. Ta cikin hudar nan laka ta bi, yadda zare ke bi ta cikin carbi. Duk wanda ya taɓa sayen gadon bayan rago wurin mahauci ya gan ta, farar aba ce mai laushi kamar ƙwaƙwalwa. A jikin babban mutum tsawonta kamar kamu guda, watau wajen santimita 45, kaurinta kuwa bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Ta kan ƙare a saman ƙugu, daga nan sai jijiyoyinta su zarce ƙasa a dunƙule kamar wutsiyar doki.

Laka ita ce hanyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. Jijiyoyi 31 ke fita daga gare ta ta dama, 31 ta hagu. In ka so ka ɗaga ƙafa, ta nan umarni ke sauka. In ka taka ƙaya, ta nan labari ke hawa. Da taimakonta ka ke riƙe fitsari da bayan gida har ka kai inda ya dace. Ba banza ba Bahaushe ya kan ce da mutum marar kuzari ba shi da laka.

To, masu noman rani sun san abin da ke faruwa in tayar amalanke ta hau kan tiyon ban ruwa. Inji yana ta aiki, amma ruwa ba ya kai wa fangalin tumatir. In an janye amalanken nan da nan, tumatir ya farfaɗo. In an bar ta kwana da kwanaki, ko an janye ta daga baya aikin gama ya gama. Haka laka ta ke. Hudar da ta ke ciki matsattsiya ce, ko wane abu ya kutsa sai ya matse ta, saƙo ya yanke daga wurin zuwa ƙasa. In abin a tsakiyar baya ya ke, ƙafafu ne za su mutu. In a wuya ya ke, har da hannuwa, wani lokaci har da numfashi. Kuma laka in ta mutu ba ta tohowa kamar yadda ƙashi ke haɗewa. Shi ya sa a wannan ciwo lokaci ya fi kome tsada.

ABUBUWAN DA KE DANNE TA

Na farko, wanda kuma ya kamata kowa ya sani, shi ne tarin fuka, watau tibi. Mutane da yawa suna tsammani huhu kaɗai ya ke ci. A'a, ƙwayar cutar ta kan bi jini ta sauka a ƙashi, kuma cikin masu tibi na ƙashi da gaɓoɓi wajen rabi a gadon baya ya ke kama su. Wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott shi ya bayyana wannan ciwo a 1779, har yanzu kuwa likitoci da sunansa su ke kiransa. Ƙwayar kuwa sai a 1882 wani Bajamushe, Robert Koch, ya gano ta. Nijeriya ta fi ko wace ƙasa a Afirka yawan masu tibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wajen mutum 500,000 suka kamu da shi a ƙasar nan a 2023.

Ƙwayar ta kan ci ƙashin baya sannu a hankali, kamar yadda gara ke cin azara. Watanni mutum yana fama da ciwo a wuri guda, yana rama, ba ya son abinci, da zazzaɓin yamma da gumin dare. Sau da yawa ba tari ko kaɗan, shi ya sa ba a zargin tibi. In ƙashin ya rube sai ya rufta, wani ƙullutu ya ɓullo a tsakiyar baya, wanda in an bar shi ya kan zama ƙusumbi. Mugunya kuma ta taru a ciki ta danne laka. Wani lokaci mugunyar ta kan gangara ta yi kumburi a matsematsi ko a gefen baya, kumburi marar zafi marar ja. Kada a yi masa sakiya.

Yara ma su kan kamu. Yaron da ya daina wasa, yana tafiya a sanƙare, yana farkawa da kuka cikin dare, a gwada shi. A ajiye alewa a ƙasa a ce ya ɗauka. Mai lafiya zai sunkuya ya ɗauke. Mai ciwon ƙashin baya kuwa sai ya tsuguna a hankali, bayansa a miƙe, yana dafa cinyoyinsa.

Na biyu shi ne rauni. Haɗarin mota a kan hanyar Zariya zuwa Kano, faɗuwa daga babur, faɗowa daga saman motar rake ko ta buhuna inda fasinja ke ɗarewa, faɗowa daga ɗorawa ko mangwaro ko kuka, ruftawar rijiya, katangar da ta faɗo wa mutum da damina, ɗan dakon da ya zame da buhu a ka, yaron da ya yi tsalle da ka cikin ruwa marar zurfi: duk waɗannan su kan karya ƙashin wuya ko na baya, ko su gocar da shi, ya hau kan laka.

Na uku shi ne ciwon daji. Ya kan taso daga wani wuri ya yi ƙaura zuwa ƙashin baya. Ga mata galibi daga nono ya ke tasowa, ga dattawa maza kuwa daga wani ƙululu da ke bakin mafitsara, wanda in ya kumbura fitsari ke wuyar fita. Ciwon bayan da daji ke kawowa ba ya lafawa da hutu, ya fi ma tsananta in an kwanta da dare.

Na huɗu shi ne lalacewar gammon nan na tsakanin ƙasusuwa. Ya kan fashe wa mai ƙarfi sa'ad da ya sunkuya ya ciccibi kaya, ya danne jijiyoyin ƙugu. Ga tsofaffi kuwa ƙashin wuya ne ke yin ƙaho-ƙaho, hudar ta ƙara matsewa. Sai ka ga dattijo hannuwansa sun daina yi masa biyayya, ba ya iya sa maɓalli, kuɗi na zubewa daga hannunsa, tafiyarsa ta koma tangaɗi. A kan ce tsufa ne kawai, alhali kuwa abu ne da likita zai iya tsayarwa.

Akwai kuma tsargiya. Ba kasafai ba, amma ƙwan tsutsarta ya kan kai ga laka ya kumbura ta, musamman ga samari masu yini cikin ruwan fadama da madatsai. Wanda ƙafafunsa suka raunana, in ya taɓa fitsarin jini, lalle ya gaya wa likita.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Ciwon baya kam kusan kowa ya san shi. Wanda ya yini yana huɗa ko yankan rake, dole bayansa ya yi tsami, kuma irin wannan ya kan wuce cikin 'yan kwanaki ko makonni. Ba shi mu ke nufi ba. Amma in ciwon baya ko na wuya ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan, to, ranar a ke tafiya asibiti:

1. Ƙafafu sun yi nauyi ko sun sage, mutum yana tuntuɓe, yana jan ƙafa, ko ya kasa tashi daga tsugunne.

2. Minjirya ko mutuwar fata wadda ta fara daga tafin ƙafa tana hawa sama. Takalmi ya kan saɓule mutum bai sani ba.

3. Jin kamar an ɗaure ƙirji ko ciki da igiya an tamke.

4. Fitsari ya ƙi fita, mara ta cika ta kumbura, ko kuwa yana zuba ba a sani ba. Haka kuma bayan gida.

5. Mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da mazauni, har mutum ya yi tsarki bai ji taɓin ruwa ba.

In kuwa ciwon baya ya wuce wata guda a wuri ɗaya, tare da rama ko zazzaɓi ko ƙullutu a gadon baya, kada a jira ƙafafu su taɓu. A je a cikin makon nan.

Alama ta huɗu da ta biyar su ne mutane suka fi ɓoyewa, musamman mata da dattawa, saboda kunya. Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ma'aikacin asibiti ba ya iya ganin wannan da ido, sai an faɗa masa, kuma su ne alamomin da suka fi gaggawa. In bakin mai ciwo ya yi nauyi, wanda ya rako shi ya faɗa.

Kada kuma a ɗauka duk shanyewar ƙafa shan inna ce. Shan inna ta fi kama ƙananan yara, ƙafa ta yi laƙwas bayan zazzaɓi, amma yaron yana jin taɓi. An tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayarta ta daji ta ƙare a Nijeriya, ko da ya ke ana ci gaba da rigakafi. Duk da haka, ko wane yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ƙafarsa ta mutu farat ɗaya, a kai shi asibiti nan da nan, su za su bambance. Wasu kuma su kan ce jifa ne ko sammu ko taka sa'o'in iska, sai a shafe wata uku ana hayaƙi da shafe-shafe. A cikin watannin nan ne laka ke mutuwa. Wanda zai yi addu'a ya yi, amma ya yi ta a kan hanyar asibiti.

YADDA A KE ƊAUKAN WANDA YA JI RAUNI

Sau da yawa haɗari ya kan karya ƙashi ya bar laka da sauran rai, sai masu taimako su ƙarasa ta da kyakkyawar niyya. Wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a naɗe mutum a cusa shi bayan mota, ko a ɗora shi a babur. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk wanda ya faɗo daga bisa ko ya yi haɗari, in yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko ya suma, a ɗauka bayansa ya karye har sai likita ya ce a'a.

Kada a zaunar da shi, kada a ce ya gwada tsayuwa, kada a ja wuyansa ko a murɗa shi. A nemo ƙyaure ko faffaɗan katako. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu, daidai da jiki, shi ne kuma zai riƙa ba da umarni. Mutum uku ko huɗu su jeru a gefe, su juya shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare, a tura katakon ƙarƙashinsa. A naɗe zane a tokare kan dama da hagu, a ɗaure shi jikin katakon da rawani ko gyale a goshi da ƙirji da ƙugu da ƙafafu. A sa shi a motar da zai kwanta a miƙe. In amai ya taso, a karkata katakon duka. Kada a ba shi abinci ko ruwa, don mai yiwuwa a yi masa aiki.

Masu ɗori suna da gwanintarsu, amma karayar baya da ta wuya ba tasu ba ce. Ja da matsa da taka baya su kan mai da mai rauni gurgu.

ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

A fara da asibiti mafi kusa. Daga ƙaramin asibitin gari za a ba ku takarda zuwa asibitin gwamnati na Ikara ko na Maƙarfi ko na Hunkuyi, inda likita zai gwada ƙarfin ƙafafu da jin taɓi. In fitsari ya tsaya, a sa roba a fitar da shi don kada ƙoda ta lalace. In ya ga alamar an danne laka zai tura ku gaba: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Masu tibi kuma akwai cibiyarsu ta ƙasa a Saye, kusa da Zariya. In an ba ku takardar nan kada ku koma gida da ita ku ce sai bayan kaka.

Hoton ƙashi ya kan nuna karaya ko ƙashin da ya rube. Amma ita laka kanta sai da hoton wata na'ura mai maganaɗisu, wadda a ke kira MRI, a ke ganinta, kuma a manyan birane a ke samunsa. Yana da tsada, gaskiya ne. Amma akuyar da aka sayar a makon farko ta fi gonar da za a sayar bayan shekara, sa'ad da magani ba zai ƙara kome ba.

In tibi ne, albishirinku, yana warkewa. Kafin 1944, lokacin da aka fara yi wa masu tibi allurar streptomycin, galibi kwanciya a ke yi shekara da shekaru. Yanzu kuwa ƙwayoyi ne a ke sha kullum da safe, kuma kyauta gwamnati ke ba da su. Na huhu wata 6 a ke sha, amma na ƙashin baya wata 12 ne: wata 2 na farko magani iri huɗu a haɗe, sauran wata 10 iri biyu. Mutane da yawa waɗanda aka kawo a kwance sun tashi da wannan magani, wasu kuwa sai an haɗa da aiki an kwashe mugunya an tokare ƙashin. Maganin ya kan mai da fitsari ja-ja, wannan ba kome. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya yi yawa, ko gani ya dushe, a koma asibiti ranar. Babban haɗari shi ne a ji sauƙi a wata na uku a daina sha. Ciwon zai dawo, kuma mai yiwuwa ya dawo da taurin kai, maganin farko ya kasa shi. Za a kuma gwada jini don cutar ƙanjamau, domin su biyun su kan tafi tare, kuma ita ma akwai maganin da ke danne ta.

In karaya ce ko fashewar gammo, likita zai duba ko a sa abin tallafe wuya ko baya a kwanta, ko kuwa a yi aiki a ɗauke abin da ya hau kan laka, a kafa ƙarfe. Bincike ya nuna aikin da aka yi cikin awa 24 na farko ya fi ba da fa'ida. In daji ne, a kan ba da maganin rage kumburi nan take, sa'an nan gashi da na'ura ko aiki. Ko ba a raba mutum da dajin ba, a kan ceci tafiyarsa, a rage masa azaba. In tsargiya ce, akwai ƙwayoyinta.

Ga abin da likitoci suka daɗe da lura da shi: wanda ya zo asibiti da ƙafafunsa, galibi da su ya ke komawa gida. Wanda aka kawo bayan sun daɗe da mutuwa, sai abin da Allah ya yi.

JINYAR WANDA KE KWANCE

In ƙafafu ba su dawo ba, rai bai ƙare ba. A da, galibin masu wannan lalura ba su daɗewa, kuma abin da ke kashe su gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara. A 1944 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe musu sashe a asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya nuna cewa da kyakkyawar jinya za su rayu su yi sana'a. Wasannin da ya fara shirya musu a 1948 su ne suka zama gasar naƙasassu ta duniya, wadda 'yan Nijeriya suka sha ciwo zinariya a cikinta wajen ɗaga nauyi.

Abin da ya koyar ana iya yinsa a ko wane gida. A juya mai jinya ko wane awa 2, dare da rana. A sa masa katifa mai taushi, shimfiɗa a bushe, ba ƙullutu ba tsakuwa. Kullum a duba mazauni da ƙugu da diddige, in wuri ya yi ja ko ya yi duhu kada a kwantar da shi ta nan. Ya sha ruwa da yawa, a kula da tsabtar robar fitsari, a canja ta ran da aka ce. A ba shi ganye da wake da 'ya'yan itace don bayan gida ya yi laushi. A riƙa lanƙwasa masa gwiwa da idon sawu ana miƙewa, safe da yamma, don kada su ƙage. Da hunturu a nisanta kaskon wuta da ruwan zafi daga ƙafafunsa, gama zai ƙone bai ji ba. Kada kuma a bar shi shi kaɗai a ƙuryar ɗaki. A nema masa keken guragu, a fito da shi cikin mutane, a koya masa sana'ar hannu.

RIGAKAFI

A kai ko wane jariri a yi masa allurar BCG da zarar an haife shi. Wanda ya yi tari mako 2 ya je a gwada majinarsa, kyauta ne, domin daga huhun wani ƙwayar ke zuwa bayan wani. In an sami mai tibi a gida, a kai yaran gidan a duba su. A buɗe tagogi iska ta shiga. A tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita, gama shanu ma suna da nasu tibi. Mai babur ya rage gudu, ya sa hular kwano, mai mota ya ɗaura bel, kada kuma a hau saman kaya. Mai ɗaukan buhu ya tsuguna ya tashi da ƙarfin cinyoyinsa, in ya fi ƙarfinsa ya nemi a kama masa. Macen da ta ji ƙullutu a nono, da dattijon da fitsari ke yi wa gardama, su ga likita tun abin bai kai baya ba.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma gaya wa mai unguwa da direbobin tasha da 'yan acaɓa, domin su ne kan fara isa wurin haɗari. Ku riƙe wannan ko kun manta da sauran: ciwon baya da nauyin ƙafa, ko ciwon baya da rikicewar fitsari, ba a kwana da shi a gida.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani mako.